A Ina Za Ta Kwana?

Ina dawowa daga masallaci da asuba, wata rana a farkon shekarar 2022, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ɗan ƙanwata ne daga Tekzas. A nan gari bai gama wayewa ba, can kuwa dare ya kusa rabawa, don haka tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi, saboda yaron ba ya kira a irin wannan lokaci. Muka gaisa, ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yana tambayar lafiyarsu kamar yadda ya saba, sannan ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, shawara nake nema. Bindiga nake so in saya."

Direban tirela ne. Yakan bar gida kwana biyar, wani lokaci mako guda, yana ratsa jihohi da kaya. Gidansa yana wata unguwa a gefen birnin Houston, inda yake zaune da matarsa da 'ya'yansu biyu, babban shekararsa 6, ƙaramar 3, sai ƙanin matar, ɗan shekara 16, da suka ɗauko don ya yi karatu. Mako biyu kafin wannan kira, ɓarayi sun fasa gidan maƙwabcinsu da tsakar dare, shi kuwa yana wata jiha mai nisa. Matar ta kira shi daga cikin banɗaki, ta rungume yaran, tana magana ƙasa-ƙasa, tana jin ƙarar fashewar gilashi daga gidan da ke kusa da nasu. Ba abin da ya iya yi mata sai addu'a ta waya. Ya ce mini tun wannan dare bai ƙara yin barcin kirki a cikin mota ba.

Ashe ya riga ya je shagon sayar da bindigogi har sau biyu. Ransa ya tsaya a kan irin wadda ake kira AR-15, abin da ya rage masa kawai shi ne wacce: akwai ta dala 700, akwai ta dala 1,500. Ya shiga yi mini bayanin tsawon baki da nauyi da irin madubin saitin da ake ɗora mata, da cewa wadda aka yi wa harsashin 5.56 tana cin na .223 amma ba a son a juya abin. Yana magana da sauri, irin ta wanda ya yi kwana da kwanaki yana bincike.

Ban bar shi ya kai aya ba. Na ce masa neman halal ya je yi ko yaƙi? Na ce bindigar soja ce, ta 'yan ta'adda ce, kada in ƙara jin wannan magana a bakinsa. Na kawo masa uwarsa, na kawo masa kakansa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, Kawu. Allah ya huci zuciyarku." Daga ranar, in ya kira sai gaisuwa. Wata uku ban ƙara jin kalmar bindiga daga gare shi ba, kuma na san ba maganar ya bari ba. Ni ya bari.

Har yau in na tuna wannan asuba sai raina ya ɓaci da kaina. Na jingina da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, alhali ranar ban hango komai ba. Tsoro ne ya ari bakina, kamar yadda tsoro ya kai shi shagon. Nasa tsoron ma ya fi nawa hujja, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ne ya ji muryar matarsa tana rawa a waya. Da na ga shirun ya yi yawa, sai na zauna in karanta abin da na zaga ba tare da na san shi ba.

Haruffan AR daga sunan ArmaLite suka fito, wani ƙaramin reshe na kamfanin ƙera jiragen sama na Fairchild, reshen da aka kafa a Kalifoniya a 1954. Babban injiniyansu, Eugene Stoner, ya ɗauko kayan da ake ƙera jirgi da su, alminiyum da roba mai tauri, ya sa su a gurbin katako da ƙarfe mai nauyi da aka san bindiga da su. Sai ga bindiga mai kilo uku da 'yan kai, wadda ƙwayar harsashinta ba ta kai giram huɗu ba, amma tana fita da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa guda, kuma ba ta naushin kafaɗa kamar manyan bindigogin da suka gabace ta. A 1959 ArmaLite ya sayar da zanen ga kamfanin Colt. Sojojin Amurka suka karɓe ta da sunan M16, suka tafi da ita Biyetnam. A 1964 Colt ya fara sayar wa farar hula irin tasu.

Bambancin biyun yana wuri ɗaya. Ta soja, in an murɗa wani ɗan maɓalli aka danne kunama, za ta yi ta aman wuta. Ta farar hula kuwa jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya, sai dai ita da kanta take tofar da kwanson ta ɗana wani, da ƙarfin iskar da harbin farko ya haifar. Saurin yatsan mai harbi shi ne iyakarta. Gidan harsashin da aka saba sa mata yana cin 30, kuma ana zare shi a cusa wani cikin daƙiƙu kaɗan. Tun 1986 dokar tarayya ta hana a sayar wa farar hula sababbin bindigogi masu aman wuta. A idon doka ke nan ɗan ƙanwata ya fi ni gaskiya, abin da yake so ba bindigar soja ba ce. Amma ni ma ban yi nisa da gaskiya ba, domin uwa ɗaya uba ɗaya suke, jikinsu ɗaya, harsashinsu ɗaya.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne cewa Amurkawa sun daɗe ba su damu da ita ba. Maharbansu na gargajiya, masu bin barewa da bindigar katako mai ɗana da hannu, kallon raini suke mata. Ko bayan da haƙƙin mallakar zanen ya ƙare a 1977, wasu kamfanoni suka shiga ƙera tasu, kasuwarta ba ta taka kara ta karya ba. Sai a watan Janairun 1989 wani mutum ya shiga filin wasan wata firamare a Stockton ta Kalifoniya da bindiga mai ɗana kanta ƙirar AK, ya kashe yara biyar. A shekarar Kalifoniya ta kafa dokar hana irin waɗannan bindigogi, kuma a Satumbar 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan ta tarayya, mai wa'adin shekara 10.

Yadda aka rubuta wannan doka ya isa a tsaya a kansa. 'Yan majalisa sun ambaci wasu bindigogi da suna, sauran kuma suka bi su da siffa: in bindiga tana da gidan harsashi mai cirewa, sannan tana da biyu daga cikin wasu alamomi, kamar gindi mai naɗewa, ko mariƙi irin na ƙaramar bindiga, ko wurin ɗaura banati, ko abin rage walƙiyar wuta a baki, to ta haramta. Kamfanoni suka duba jerin, suka cire wurin banati da abin rage walƙiya, suka ci gaba da sayar da bindigar da ke harbi daidai da ta jiya. Inda dokar ta yi cizo shi ne hana ƙera wa farar hula gidan harsashi mai cin fiye da 10, amma ko nan waɗanda aka riga aka ƙera sun ci gaba da zagayawa a kasuwa. Hanin ma sai ya ƙara mata farin jini, kamar yadda hani yakan yi. Da wa'adin ya cika a Satumbar 2004, majalisa ba ta sabunta shi ba. Lokacin kuwa kullum talabijin tana nuna sojojin Amurka a Afghanistan da Iraƙi riƙe da M4, ƙanwar M16. Shekara guda bayan haka, a 2005, aka kafa dokar da ta kare masu ƙera bindigogi daga yawancin ƙararrakin da za a iya kai su saboda laifin da wani ya aikata da kayansu.

Labarin da ya fi nuna mini yadda iska ta juya shi ne na wani dattijon maharbi, Jim Zumbo, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana rubutu a mujallar Outdoor Life, yana kuma da shirinsa na farauta a talabijin. A watan Fabrairun 2007, bayan ya dawo daga farautar diloli a jihar Wyoming, ya rubuta cewa irin waɗannan bindigogi ba su da gurbi a wurin maharba, har ya danganta su da 'yan ta'adda. Kusan kalmar da na jefi ɗan ƙanwata da ita ke nan. Cikin 'yan kwanaki dubban masu bindigar suka yi masa ca. Kamfanin Remington ya yanke hulɗa da shi, ya rasa shafinsa a mujallar, aka dakatar da shirinsa. Ya nemi afuwa, amma bakin alƙalami ya bushe. Duk wanda ke cin abinci a wannan sana'a ya ga abin da ya faru, ya kama bakinsa. Ba da daɗewa ba ƙungiyar masu ƙera bindigogi ta NSSF ta raɗa wa bindigar sabon suna mai ma'anar bindigar wasanni ta zamani, tallace-tallace kuma suka koma nuna ta a hannun ƙarti masu shigar yaƙi. Wani tallan kamfanin Bushmaster har cewa yake yi mallakarta ce za ta maido wa namiji shaidarsa ta zama namiji. Ƙungiyar ta ƙiyasta cewa daga 1990 zuwa 2020 irin waɗannan bindigogi fiye da miliyan 24 sun shiga kasuwar Amurka. Wani bincike da jaridar Washington Post ta wallafa a 2023 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin baligai 20 na ƙasar yana da AR-15.

A nan na fahimci abin da ya sami yaron. Kafin ya taka ƙofar shagon, an riga an shafe shekara 20 ana share masa hanya, ana rage masa tambayoyi, har ta rage saura ɗaya: wacce? Ba na zargin mai shago da ƙarya. Abin da aka tambaye shi yake amsawa, kuma ya san hajarsa. Za ka cike takardar gwamnati mai lamba 4473, a duba ko kana da laifin da ya hana ka mallaka, sau da yawa cikin mintuna, kuma a Tekzas ba a ɗora maka kwanakin jira, ranar za ka fita da ita a hannu. Dokar tarayya ta ce sai ka kai shekara 21 mai shago zai sayar maka da ƙaramar bindiga, amma doguwa irin wannan, 18 ta wadatar. Duk tsawon wannan ciniki babu inda dole ta sa wani ya tambaye ka su wa ke kwana a gidanka.

Ba zan yi wa masu ita rashin adalci ba. Akwai dalilan da suka sa mutanen kirki suke zaɓenta. Tana da sauƙin koyo, gindinta yana tsawo yana gajarta don ya dace da dogo da gajere, kayan gyaranta ko'ina akwai. Manoman Tekzas suna amfani da ita a kan aladun daji da ke cinye musu gonaki. A watan Nuwamban 2017, da wani ya buɗe wuta a wani coci a ƙauyen Sutherland Springs ya kashe mutum 26, maƙwabcin cocin ne ya buɗe akwatin ƙarfensa, ya ɗauko tasa AR-15, ya fito ko takalmi babu, ya raunata maharin har ya gudu. Kuma alƙaluman hukumar FBI na 2020 sun nuna dogayen bindigogi gaba ɗayansu kusan kashi 3 cikin 100 ne na kisan kai da bindiga, ƙananan bindigogi ne ke da kaso mafi tsoka, ko da yake akwai kisa da yawa da ba a rubuta irin bindigar ba. Miliyoyin masu ita za su tsufa su mutu ba su taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba.

Wasu alƙaluman ne daban suka hana ni barci. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka. Fiye da rabinsu, sama da 26,000, su suka kashe kansu. Ba ɓarawo, ba ɗan fashi. Baƙin ciki ne na dare ɗaya ya tarar da makami kusa da hannu. Mai sayen bindiga yana hango dare guda, daren da za a fasa masa ƙofa, wanda mai yiwuwa ba zai taɓa zuwa ba. Ita kuwa bindigar za ta kwana a gidan dubban darare, daren faɗan miji da mata, daren da yaro ya faɗi jarrabawa, daren da aka kori maigida daga aiki, da ranar da ƙaramin yaro ya hau kujera yana binciken saman kabad.

Sai labarin Sandy Hook, wanda na san shi sama-sama tun da, amma ban taɓa bin diddiginsa ba. Ranar 14 ga Disamban 2012, a garin Newtown na jihar Connecticut, wani saurayi ɗan shekara 20 ya shiga firamare da bindigar Bushmaster, ya kashe yara 20 'yan shekara 6 da 7, da manya 6 daga ma'aikatan makarantar. Harsashi 154 ya harba cikin abin da bai kai minti biyar ba. Bindigar ba tasa ba ce. Mahaifiyarsa ce ta saye ta, ta hanyar da doka ta yarda, kuma takan kai shi filin koyon harbi, alhali ta san ɗanta yana fama da matsalar da ta sa ya ƙaurace wa mutane. Ita ya fara kashewa, tana kwance a gadonta. Akwai akwatin ajiye bindigogi a gidan. 'Yan sanda sun tarar da shi a buɗe, babu alamar an fasa shi. Na daɗe ina juya wannan a raina. Matar nan ta cika duk sharuɗɗan gwamnati, ta zaɓi bindiga mai kyau, tana da wurin ajiya. Abin da ta kasa yi shi ne ta kalli ɗan da ta haifa ta ce wannan gida, a wannan hali, bai kamata bindiga ta kwana a cikinsa ba. Kuma wace uwa ce wannan kallo yake yi wa sauƙi? A Fabrairun 2022 iyalan mutum tara daga waɗanda abin ya shafa suka cimma sulhu na dala miliyan 73 da Remington, wanda a lokacin harin Bushmaster ke ƙarƙashin inuwa ɗaya da shi, kuma a kan salon talla suka gina ƙarar tasu.

Ina cikin wannan karatu, ranar 24 ga Mayun 2022, abin ya faru a Tekzas ɗin kanta. A garin Uvalde, wani yaro da ya cika shekara 18 mako guda kafin nan, ya sayi AR-15 biyu a kwanakin da suka biyo bayan cikar tasa, ya shiga firamare ya kashe yara 19 da malamai mata biyu. Jami'an tsaro 376 suka taru a wurin, amma sai da aka shafe minti 77 kafin su kutsa ajin. Washegari ni na kira ɗan ƙanwata.

Na fara da ba shi haƙuri. Na ce, "Ɗana, ranar nan ban kyauta maka ba. Ka zo da damuwa na kore ka." Ya ce, "Haba Kawu, ai ku iyaye ne." Sai ya buɗe mini cikinsa. Bai saya ba tukuna, amma bai fasa ba. Ya tuna mini da masallatai biyu na Christchurch ta ƙasar New Zealand, inda aka kashe masallata 51 ranar wata Juma'a a watan Maris na 2019 da irin wannan makami. Ya ce, "Can ƙasar, kafin wata guda majalisarsu ta hana ta. Nan ba za a hana ba, Kawu. Tana hannun kowa. Ni kaɗai zan zauna hannu rabbana?" Ba ni da amsar wannan a lokacin, kuma ban yi ƙoƙarin ƙirƙiro ta ba.

Abin da na ce masa shi ne ya ajiye maganar dala 700 da dala 1,500, mu fara daga wani wuri. Na ce, "Kai da kake kan hanya kwana biyar a mako, wa ka saya wa bindigar? In an fasa ƙofa kana wata jiha, wa zai ɗauke ta?" Ya yi shiru. Na ce, "Ka tambayi uwar 'ya'yanka ko tana so?" Bai tambaye ta ba. Na ce masa ya tashi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa ya kalli inda ɓarawo zai ɓullo, ya gaya mini abin da ke bayan bangon. Gidajen can da katako da allon farar ƙasa ake yin bangonsu na ciki, harsashi yana ratsa su ya wuce. Ya ce ɗakin yara ne. Na tambaye shi a ina za ta kwana, wa zai san lambar akwatin, sa'a nawa yake da ita a wata da zai je ya koyi harbi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ƙarshe na zo kan wadda ta fi nauyi, na ce, "Yaron nan ƙanin matarka, ka san abin da ke ransa? Ka san abin da zai kasance a ransa baɗi?" Ya ce yaron kirki ne. Na ce na yarda, ita ma matar Newtown ɗanta ne.

Gidajenmu, ko a ƙasar waje, ba a rufe su. Yau ɗan wa ya zo karatu, gobe ɗan garinku ya sauka kafin ya sami ɗaki, jibi surukai sun zo da yara biyar. Wannan alheri ne da nake alfahari da shi. Amma mai irin wannan gida in ya shigo da bindiga, ya shigo da ita ne ga duk waɗannan hannaye. Dokar Tekzas ma ta mai da shi laifi a bar bindiga da harsashi a cikinta inda ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Na tuna masa da kakansa, wato mahaifinmu, wanda na yi amfani da sunansa na tsorata shi a kiran farko ba tare da na faɗi gaskiyar labarin ba. Tsohon yana da bindigar toka, saboda birai da ke ɓarna a gona. Tana rataye can sama a turakarsa, inda yaro ba ya shiga. Albarushin yana cikin ƙaho, a kulle a wani akwati daban, makullin kuma yana aljihun 'yar cikinsa ko barci yake. Bindiga ce mai harbi ɗaya, sai an daɗe ana ɗura ta, amma haka ya tsare ta. Ina ga mai cin 30?

Wata guda bayan wannan hira, a Yunin 2022, gwamnatin Zamfara ta fito ta ce wa jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, shugabannin tsaro na tarayya kuma suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ba zan haɗa mutumin ƙauyen da aka ƙone masa rumbu, jami'an tsaro suna nesa da shi tafiyar sa'o'i, da mazaunin gefen Houston ba. Halinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba ni da bakin yi wa wanda aka kashe wa 'ya'ya wa'azi. Abin da kawai na lura da shi a duk muhawarar da aka yi ta yi a rediyo shi ne, ana ta gardamar a ba su ko kada a ba su, ban ji an tsaya a kan inda za ta kwana ba, da hannun da za ta faɗa in rikicin ya lafa.

Da ɗan ƙanwata ya tambayi matarsa, ta ce ita ba za ta iya nuna bindiga ga mutum ba, ko ɓarawo ne, kuma gara ta faɗa masa tun yanzu. Abin da take so shi ne a canza ƙofar gaba da ta baya, a sa fitilu masu kamawa da kansu in an gifta, a sa ƙararrawa, sannan shi ya nemi hanyar da zai riƙa kwana a gida. Na ƙarshen ne ya fi tsada. Ya bar dogon zango ya koma ɗaukar kaya a cikin jiha, kuɗin da yake samu ya ragu sosai. Ya sayi akwatin ƙarfe aka ɗaure shi da ƙusoshi a ƙasan ɗakinsa tun babu abin da zai sa a ciki. Ya yi watanni yana zuwa koyon harbi da ta haya. Sai a ƙarshen shekarar ya saya, ta dala 700 ɗin. Ban so ba, na kuma gaya masa ban so ba, amma wannan karon da ni aka yi shawarar, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A watan Satumbar 2024, a wata sakandare da ake kira Apalachee a jihar Jojiya, ɗan shekara 14 ya kashe ɗalibai biyu da malamai biyu da irin wannan bindiga, wadda masu gabatar da ƙara suka ce mahaifinsa ne ya saya masa kyauta. Aka kama yaron, aka kama uban. Bayan wata biyu Allah ya nufe ni da ziyartar ɗan ƙanwata da iyalinsa a Houston.

Kwana biyu da saukata na lura ƙanin matar ba ya fitowa cin abinci da mu. Ya girma, ya shiga kwaleji, amma karatun ya ƙi, an ce kuma akwai wata yarinya da ta juya masa baya. Yana ɗaki, labule a sauke. Yayarsa takan ajiye masa kwano a bakin ƙofa. Da yamma ɗan ƙanwata ya ja ni ɗakinsa, ya durƙusa ya danna lambobin akwatin, ya buɗe. Babu komai a ciki sai fasfo-fasfo da takardun gida.

Na ce, "Tana ina?"

Ya ce, "Tana ajiya, Kawu, a shagon da nake zuwa harbi. Ana biyan wani abu duk wata. Harsasan ma na kai. Wata uku ke nan, tun da na ga yaron nan ya fara rufe ƙofa. Mun kai shi wurin likita, yana zuwa duk mako. Sai na ga ya dawo daidai."

Na ce, "In ɓarayi sun zo fa?"

Ya ce, "Ƙofar tana da ƙarfi. Kuma ina gida."

Ya mayar da murfin ya kulle. Lokacin magariba ya yi, muka shimfiɗa darduma a falo. Ya aiki babban ɗansa ya ƙwanƙwasa wa kawunsa ƙofa. Mun kai raka'a ta biyu na ji an buɗe ɗakin a hankali, sai kafaɗar saurayin ta taɓa tawa a sahu.